Wa Zai Buɗe Wa Gudajjen Soja Ƙofa? Nazari a Kan Littafin Joshua Key

A Hausa kalmar gudu ɗaya ce, amma ba kowane mai gudu ake yi wa kallo ɗaya ba. In aka ce wance 'yar gudun hijira ce, yaƙi ya koro ta da 'ya'yanta, kowa zai ce Allah sarki, a nemo mata tabarma da tuwo. In kuwa aka ce wane soja ne, ya ajiye bindiga ya tsere daga fagen fama, sai ka ga ana taɓe baki, wani ya ce matsoraci, wani ya ce maci amana. Littafin The Deserter's Tale, wanda ya fito a 2007, labari ne na mutumin da ya haɗa gudun nan biyu a jikinsa: ya gudu daga rundunar sojan Amurka, sa'an nan ya je Kanada ya roƙi a karɓe shi a matsayin ɗan gudun hijira. Sunansa Joshua Key, kuma marubucin Kanada Lawrence Hill ne ya taya shi mayar da abin da ya faɗa da baki ya zama littafi.

Littafin ya kwana biyu, amma tambayar da ya ɗauko tana nan da ranta. Tun watan Satumba na 2022, lokacin da Shugaba Putin ya ba da umarnin kiran ƙarin mazaje zuwa yaƙin Yukiren, dubban ɗaruruwan 'yan Rasha suka tsallaka zuwa Jojiya da Kazakistan da sauran maƙwabta, ƙasashen Turai kuma suka rabu a kan ko a karɓe su ko a rufe musu ƙofa. Ra'ayina a taƙaice shi ne, a matsayin adabi littafin Key yana da rauni a wurare biyu da zan nuna, amma ya fito da wani tarko da ke cikin dokar mafaka fili, fiye da yadda takardun lauyoyi ke iya yi. Saboda tarkon nan ya cancanci a karanta shi.

Daga Oklahoma zuwa Ramadi

Key ɗan talakawa ne daga garin Guthrie a jihar Oklahoma. Ya taso cikin rashi, a gidan da duka da shaye-shaye ba baƙi ba ne. Ya yi aure da ƙuruciya, yara suka fara zuwa, ɗan aikin da yake yi bai isa cefane ba balle kuɗin asibiti. A 2002 ya shiga soja. Ya ce jami'in da ya ɗauke shi ya tabbatar masa cewa gadoji zai riƙa ginawa a cikin Amurka, ba za a tura shi ƙetare ba. Cikin watan Afrilu na 2003 sai ga shi a Iraƙi, cikin rukunin injiniyoyin yaƙi, aikinsa kuma shi ne manna nakiya a ƙofar gidajen mutane.

A kan samamen gidaje aka gina littafin. Yadda yake bayar da labarin, tsakar dare za su iso a mota, ya manna nakiya a ƙofa ta tashi, su faɗa ciki da ihu. Duk namijin da tsayinsa ya wuce ƙafa biyar a ɗaure masa hannu a jefa shi mota, mata da yara a tara su wuri guda, a farke katifu, a farfasa kaya ana neman makamai. Ya ce ya shiga irin wannan samame wajen sau 200, a Ramadi da Falluja da wasu garuruwa, kuma bai taɓa ganin an kama wanda za a nuna a ce ga ɗan ta'adda ba. Waɗanda aka tafi da su kuwa bai sake jin ɗuriyarsu ba.

Abubuwa biyu ne ke maƙale wa mai karatu a rai. Na farko wata ƙaramar yarinya ce da ke zuwa wurinsa roƙon abinci lokacin da yake gadin wani asibiti a Ramadi, yana ba ta abincin soja, har ranar da harsashi ya same ta a gabansa, shi kuma yana zargin daga bindigar ɓangarensu ya fito. Na biyu a bakin kogin Furat ne, inda ya ce ya tarar da gawarwakin 'yan Iraƙi an raba su da kawunansu, wasu sojojin Amurka na wani rukuni suna shurin kawunan kamar ƙwallo.

A watan Nuwamba na 2003 aka ba shi hutun mako biyu. Ya ce ya kira wani lauyan soja ya gaya masa ba zai iya komawa ba, aka ce masa zaɓi biyu gare shi, ko jirgi ko kurkuku. Sai ya kwashi matarsa da yara suka ɓuya a Filadelfiya sama da shekara guda, yana aikin walda, kullum cikin fargabar 'yan sanda. A watan Maris na 2005 suka tsallaka Kanada ta iyakar Niyagara.

Abin da littafin ya iya

Ƙarfin littafin yana wurin da Key ya ƙi wanke kansa. Da bakinsa ya faɗa cewa ya doki mutanen da ba su yi masa komai ba, ya kuma saci kuɗi da kayan ado a gidajen da suka fasa. Bai ce tun farko zuciyarsa ta ƙi yaƙin ba. Ya tafi yana ganin aikin ƙwarai zai yi, bai san komai game da ƙasar da aka kai shi ba sai abin da aka cusa masa a wurin horo. Mai karatu Bahaushe zai ji wani abu ya soke shi in ya tuna cewa sojojin Amurka a Iraƙi sun mayar da kalmar hajji, wadda mu ke girmama mutum da ita, ta zama sunan raini ga kowane Balarabe.

Mu da muka taso da Ganɗoki na Bello Kagara da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa mun saba da jarumin da ke kirari ya afka wa runduna shi kaɗai. Mun kuma taso muna jin cewa juya baya a ranar gwabzawa yana cikin manyan zunubai. Amma dai a makarantar da muka ji wannan muka ji cewa babu biyayya ga abin halitta cikin saɓa wa Mahalicci. Littafin Key yana tilasta wa mai karatu ya riƙe darussan nan biyu a lokaci guda, ya tambayi kansa wanne ne ya hau kan mutumin da aikinsa fasa ƙofar bayin Allah da ƙarfe biyun dare.

Harshen littafin kuma sassauƙa ne, gajerun jimloli, babu dogon sharhin siyasa. Wannan ya dace da mai maganar. Da an sa masa kalaman farfesa a baki, da babu wanda zai yarda da shi.

Littafi ne ko takardar rantsuwa?

Sai dai akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani kafin ya buɗe shafin farko. Lokacin da littafin ya fito, shari'ar Key ba ta ƙare ba. Hukumar kula da shige da fice da 'yan gudun hijira ta Kanada ta ƙi buƙatarsa a 2006, kuma sai a watan Yuli na 2008 Kotun Tarayya ta yanke hukunci a kan ƙarar da ya ɗaukaka. Saboda haka kowane shafi yana da masu karatu biyu, mu da alƙali. Ba za a gane dalilin da ya sa aka tsara labarin yadda aka tsara shi ba sai an san abin da alƙalin ke nema.

Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 ta ce ɗan gudun hijira shi ne wanda ke da ƙwaƙƙwaran dalilin tsoron a tsananta masa saboda ɗaya daga abubuwa biyar: launin fatarsa ko asalinsa, addininsa, ƙasarsa, rukunin jama'ar da yake ciki, ko ra'ayinsa na siyasa. Babu gudajjen soja a wannan jeri. Kundin jagora da hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1979 ya ƙara bayani: kowace ƙasa tana da ikon hukunta sojan da ya tsere, kuma tsoron fagen fama ko ƙin aikin soja kaɗai ba ya mayar da mutum ɗan gudun hijira. Amma sakin layi na 171 ya bar 'yar kafa. In irin aikin sojan da mutum ya ƙi shiga abu ne da duniya ta yi tir da shi a matsayin wanda ya saɓa wa ƙa'idojin mutuntaka, to hukuncin da za a yi masa don ya gudu yana iya zama tsanantawa.

A ɗaya gefen kuma yarjejeniyar tana da sashe na 1F, wanda ya ce duk wanda ake da ƙwararan dalilan ganin ya aikata laifin yaƙi, ba shi da rabo a mafaka.

Ka ga tarkon ke nan. In Key ya ce abin da rukuninsa ya yi bai taka kara ya karya ba, alƙali zai ce to me ya kore ka? In ya ce ya kai laifin yaƙi kuma da hannuna a ciki, alƙali zai ce to kai mai laifi ne. Gaba kura, baya sayaki. Da wannan idon, mai karatu zai lura da yadda aka raba laifuffuka a littafin. Duka da sata da tsoratarwa, waɗannan Key ya ɗauka a kansa. Mafi munin abubuwan kuwa, kashe yarinya da wulaƙanta gawa, shi ɗan kallo ne. Wataƙila haka abin ya faru daidai. Amma kuma wannan rabon shi ne kaɗai wanda zai iya wucewa ta 'yar kafar da doka ta bari, kuma mai nazari ba zai yi kamar bai gani ba.

Hukumar da ta saurare shi a 2006 ba ta ce ƙarya yake yi ba. Ta karɓi shaidarsa, sai ta ce samamen gidajen, duk da muninsa, bai kai matsayin laifin yaƙi ba. Mai Shari'a Robert Barnes na Kotun Tarayya ya ce hukumar ta ɗaga sandar awo sama da yadda doka ta nema, domin ɓarnar da shugabannin soja suka kau da kai a kanta tana iya zama hujjar mafaka ko da ba ta kai laifin yaƙi ba. Ya umarci a sake zama. Aka sake zama, a 2010 aka sake ƙin buƙatar.

Sai batun shaida. A sana'armu ta rubuta manhaja, in mai amfani ya kawo ƙorafi cewa abu kaza ya lalace, abu na farko da muke nema shi ne rajistar da na'ura ke ajiyewa ta duk abin da ya gudana, da lokacinsa. Gudajjen soja ba shi da wannan rajista. Tana hannun rundunar da yake zargi. Abin da ya rage wa mai bincike shi ne ya duba ko wasu, da ba su san shi ba, sun kawo ƙorafi iri ɗaya. A nan Key yana da mai goya masa baya. Rahoton ƙungiyar agaji ta Red Cross na watan Fabrairu 2004, wanda ya fallasa bayan 'yan watanni, ya siffanta samamen dare kusan yadda Key ya siffanta shi: fasa ƙofa, ihu, tara iyali a ɗaki guda, kwashe mazan gida har tsofaffi da marasa lafiya. Rahoton ya kuma ce wasu jami'an leƙen asirin sojan ƙawance sun ƙiyasta cewa kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na waɗanda aka tsare bisa kuskure aka kama su. Hotunan kurkukun Abu Ghraib sun fito a watan Afrilu na 2004. A Haditha, cikin Nuwamba 2005, sojojin Amurka sun kashe fararen hula 24.

Don haka adalci shi ne a auna littafin da ma'auni biyu. Yanayin aikin da ya bayyana yana da shaidu daga waje. Labarin yarinyar da na bakin kogi kuwa a kan maganarsa kaɗai suke tsaye. Littafin bai taimaki mai karatu ya bambanta su ba, duk da murya ɗaya ya ba da su, kuma hannun Hill na marubucin ƙagaggen labari ya jera su kamar matakala, kowane ya fi na baya muni, har a kai inda zuciya ta ce ya isa. Rayuwa ba ta cika zuwa a jere haka ba.

Sharaɗi bisa sharaɗi

Key ba shi kaɗai ba ne. Jeremy Hinzman ya riga shi isa Kanada a farkon 2004, shi ma yana neman mafaka. Hujjarsa ita ce yaƙin Iraƙi kansa haramtacce ne, kuma Kofi Annan, Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya a lokacin, ya faɗi haka a watan Satumba na 2004. Kotun Tarayya ta ce halascin yaƙi ba ruwan ƙaramin soja ba ne, tunda ba shi za a tuhuma da ƙaddamar da shi ba. Kotun Ɗaukaka Ƙara kuma a 2007 ta ce Amurka ƙasa ce ta dimokuraɗiyya mai kotuna, don haka sai ya nuna ya bi duk hanyoyin kariya na gida sun gaza.

A Jamus kuma akwai André Shepherd, bakaniken jiragen yaƙi masu saukar ungulu samfurin Apache, wanda ya yi aiki a Iraƙi, ya ƙi komawa karo na biyu, ya nemi mafaka a 2008. Shari'arsa ta kai Kotun Tarayyar Turai, wadda ta yanke hukunci ranar 26 ga Fabrairu, 2015. Kotun ta yarda da abu mai muhimmanci: ba sai mai riƙe da bindiga kaɗai doka ke karewa ba, bakaniken da ke gyara jirgin da za a je a yi ɓarna da shi ma yana ciki. Wannan ya shafi duk mai aikin fasaha, har wanda ke zaune a ofis yana rubuta manhajar da ke nuna wa jirgi marar matuƙi inda zai nufa. In doka ta yarda hannunsa yana cikin aikin, dole ta yarda yana da ikon janye hannun.

Amma bayan wannan sai kotun ta jero sharuɗɗa. Sai ya nuna akwai yiwuwa mai ƙarfi cewa rukuninsa zai aikata laifin yaƙi nan gaba. In Kwamitin Sulhu ya amince da aikin sojan, ko kuma ƙasarsa tana da dokar hukunta masu laifin yaƙi, wannan yana rage ƙarfin hujjarsa. Sai kuma ya nuna cewa guduwa ce kaɗai hanyar da ta rage, bai tsallake hanyar neman a sauwaƙe masa aikin saboda aƙida ba. Duk mai rubuta manhaja ya san abin da ke faruwa in aka ɗaure sharuɗɗa da yawa da kalmar "da": ɗaya ya faɗi, duka sun faɗi. Kowane sharaɗi shi kaɗai yana da ma'ana. In aka haɗa su, da wuya a sami wanda zai wuce. Kotun Munik ta ƙi buƙatar Shepherd a watan Nuwamba na 2016.

To amma a duba abin da ya faru da tutar da ke kafaɗar soja ta canza. A watan Nuwamba na 2020, wannan kotun ta Turai ta ce ɗan Siriya da ya guje wa aikin soja a lokacin yaƙin basasar ƙasarsa akwai zato mai ƙarfi cewa gwamnati za ta ɗauke shi ɗan adawa, abin da ke kusantar da shi ga samun mafaka. A watan Yuli na 2023 kotun mafaka ta Faransa ta ce 'yan Rasha da suka ƙi amsa kiran yaƙin Yukiren suna iya samun matsayin 'yan gudun hijira, tunda akwai yiwuwar a sa su cikin laifin yaƙi. Hukunce-hukuncen nan daidai ne a ganina. Sai dai suna nuna cewa ƙofar tana buɗewa cikin sauƙi in sojan na abokin gaba ne, tana cijewa in na aboki ne. Kanada da kanta ta ƙi shiga yaƙin Iraƙi a 2003, amma karɓar Key yana nufin wata hukumar Kanada ta rubuta a takarda cewa babbar maƙwabciyarta tana tsananta wa mutanenta.

A zamanin yaƙin Biyetnam an kauce wa wannan matsala ta wata hanya. A 1969 gwamnatin Pierre Trudeau ta ce ba za a duba matsayin mutum a soja ba in ya nemi izinin zama, dubban matasan Amurka suka shiga a matsayin baƙi masu neman zama, ba tare da an tuhumi kowa ba. Shawara ce ta siyasa. A watan Yuni na 2008 majalisar wakilan Kanada ta nemi a yi irin wannan, da ƙuri'a 137 a kan 110, amma ƙudurin ba mai tilastawa ba ne, gwamnatin Stephen Harper kuma ta yi biris da shi. Wata guda bayan haka aka mayar da Robin Long Amurka, kotun soja ta ɗaure shi wata 15.

Inda littafin ya gaza

Raunin farko shi ne 'yan Iraƙi. Suna cike da littafin, amma kusan babu mai suna a cikinsu, babu mai tarihi, babu wanda ya yi magana ta fi jimla biyu. Yarinyar nan ma amfaninta a labarin shi ne ta farkar da zuciyar Key. Za a iya cewa gaskiyar ke nan, sojan mamaya ba ya jin Larabci, ba ya sanin sunan wanda ya fasa wa gida. Amma Hill marubuci ne, yana da ikon ya sa mai maganar ya tsaya ya dubi wannan giɓin sosai. A shekarar da littafin ya fito, wajen 'yan Iraƙi miliyan biyu suna gudun hijira a Siriya da Jodan da sauran maƙwabta. Mutanen da aka fasa wa ƙofa su ma mafaka suke nema, kuma littafin da ke roƙon duniya ta ji ƙan mai fasa ƙofar ya kamata ya ba su wuri mai faɗi.

Rauni na biyu shi ne yadda aka tace dalilin guduwar. Doka tana son ta ji cewa lamiri ne zalla ya kori soja, tsoro kuma ba ya cikin lissafi. Amma Hausawa sun ce in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. A jikin ɗan Adam tsoro da kunya da gajiya da kewar 'ya'ya da ƙin zalunci a cakuɗe suke. Key ya ambaci mafarkai masu firgitarwa da ruɗewar da ya dawo da ita, amma labarin yana komawa ne kullum kan lamiri, domin shi ne kuɗin da ake karɓa a kotu.

A nan ƙagaggen labari ya fi shi 'yanci. A littafin Ernest Hemingway, A Farewell to Arms, na 1929, Frederic Henry ya faɗa kogi ne don 'yan sandan soja na Italiya suna harbe hafsoshi bayan karyewar da aka yi a Kaporetto, ba don ya zauna ya auna halascin yaƙi ba. Da ya tuƙa kwalekwale zuwa Suwizalan da masoyiyarsa, abin da ya buɗe musu ƙofa shi ne fasfo da kuɗin aljihu da ƙaryar cewa wasan ƙanƙara suka zo yi. A Sozaboy na Ken Saro-Wiwa, na 1985, Mene yaron mota ne da ya shiga soja don sha'awar kaki da burge mace, ya gudu, ya faɗa hannun ɗaya ɓangaren ya zama direbansu, ya komo gida ya tarar uwarsa da matarsa sun mutu, mutanen gari kuma suna ɗaukarsa fatalwa. Babu hukumar da za ta ba Mene mafaka, domin ba shi da aƙidar da zai nuna. Amma shi ya fi kama da yawancin yaran da ake turawa yaƙi.

Mu ma ba mu rasa misali ba. A watan Disamba na 2014 kotun soja a Najeriya ta yanke wa sojoji 54 hukuncin kisa saboda ƙin fita yaƙar Boko Haram, su kuma suka ce ba a ba su isassun makamai ba. Bayan shekara guda aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara 10. Yaƙinsu daban ne da na Key, kare garuruwansu aka tura su yi, kuma ba mafaka suka nema ba. Amma sun nuna wani nau'in ƙi da dokar mafaka ba ta da gurbinsa, wato na sojan da ya yarda da yaƙin amma ya ƙi a kai shi mahalaka hannu rabbana.

Hujjar ɗaya ɓangaren

Masu sukar Key suna da maganar da ba za a watsar ba, kuma littafin bai tsaya ya fuskance ta yadda ya kamata ba. Babu wanda ya tilasta masa shiga soja, da hannunsa ya sa hannu. Da ya tafi, wani ne ya ɗauki nakiyar, abokansa kuma suka ci gaba da fita da ƙarancin mutum ɗaya. Rundunar da kowane kurtu zai zaɓi umarnin da zai bi ba za ta iya kare kowa ba. Bayan haka, guduwa ba wanka ba ce. Anwar Raslan, kanar a hukumar leƙen asirin Siriya, ya sauya sheƙa a 2012, ya sami shiga Jamus, daga baya waɗanda aka azabtar a ƙarƙashinsa suka ba da shaida, kotun Koblenz ta yanke masa ɗaurin rai da rai a watan Janairu na 2022. Sashe na 1F don irinsa aka yi shi, kuma ya kamata ya zauna.

Duk da haka akwai bashin da duniya ta ɗauka ba ta biya ba. Tun shari'ar Nuremberg aka kafa cewa "umarni aka ba ni" ba ya wanke soja daga laifi muddin yana da zaɓi. Ma'anar wannan ita ce ana buƙatar soja ya ƙi mugun umarni. In kuwa ya ƙi, ƙasarsa za ta ɗaure shi ko ta harbe shi, maƙwabta kuma su ce bai cika sharuɗɗa ba. Yawanci sai bayan ƙura ta lafa ake tunawa da shi. Birtaniya ta yi wa sojoji 306 da ta harbe a Yaƙin Duniya na Ɗaya afuwa ne a 2006. Majalisar Jamus sai a 2002 ta soke hukuncin da aka yi wa waɗanda suka tsere daga rundunar Hitler, bayan an riga an kashe wajen 20,000 daga cikinsu. Afuwar ta zo, amma akasarin masu ita suna kabari.

Abin da zan ce wa mai son karanta The Deserter's Tale shi ne ya karanta shi a matsayin shaida daga bakin mutum ɗaya da ke tsaye gaban alƙali, ya ajiye rahoton Red Cross a gefe guda yana gwadawa, Sozaboy kuma a ɗaya gefen don ya ji abin da shaidar ta kasa faɗa. Marubutanmu kuwa, akwai labarin da ke jiransu. Muna da barikoki a Kaduna da Maiduguri da Diffa, muna da matan sojoji da ke jiran kiran waya, muna da samarin da suka shiga kaki don babu wani aikin. Wanda zai rubuta mana sojan da ya ce a'a ba ya gaban wani alƙali, don haka yana da damar ya bar masa tsoronsa da laifinsa, ya kuma ba mutanen da ke bayan ƙofar sunayensu.